Wa Ya Yi Kisan? Martani Ga Masu Kushe Kashi Na Biyu

Tun da aka komo karatu zangon nan, da wuya a zauna teburin mai shayi a bakin ƙofar Kongo, ko a zauren gidan da muke haya a Tudun Wada, a tashi ba a taɓa gardamar nan ba. Da fari mun ɗauke ta abin raha. Amma da muka ga ta kai har waɗansu 'yan'uwanmu suna hana sababbin shiga taɓa wasan, suna ce musu ɓata lokaci ne, sai muka ga ya kamata mu kawo maganar cikin mujallarmu, inda kowa zai ajiye hujjarsa a rubuce. Magana zarar bunu ce, wadda aka yi a teburin shayi kuwa iska ke kwashe ta kafin a shanye kofi.

Domin waɗanda ba su san kan zancen ba, ga yadda abin yake. A shekarar 1742 ta cikin labarin, waɗansu mutum biyu suna tsaye a kan tsauni a wani tsibiri, sai ɗayan, Albert Cloudsley, ya tunkuɗa abokin tafiyarsa, Dokta Oberon Geller, ya faɗa ƙasa, saboda wani ɗan gunki na zinariya. Da wannan kisa aka buɗe wasan kwamfutar nan mai suna The Case of the Golden Idol, wanda ya fito a shekarar 2022. Waɗansu wa da ƙane ne na ƙasar Latbiya, Andrejs da Ernests Klavins, suka tsara shi a ɗan kamfaninsu Color Gray Games, kamfanin Playstack na Ingila ya buga. Babu gudu, babu harbi, babu tuƙin mota. Hoto ne ake ajiye maka a tsaye, gawa na kwance, mutane na kewaye da ita, kowa da abin da ke bakinsa. Kai mai wasa sai ka shiga lalube: ka buɗe aljihun wannan, ka karanta wasiƙar da ke jakar wancan, ka duba wane ne ya zauna a wace kujera lokacin cin abinci. Duk sunan da ka gani da duk kalmar da ka tsinta sai ka tara su. Sa'an nan a ba ka takarda mai guraben da ba a cika ba, a ce ka faɗi wane ne ya kashe wane, da me, a ina, don me. In ka yi kuskure takardar ba ta karɓa. Mutuwa 12 ke cikin wasan na farko, an baza su cikin fiye da shekara 40, duk kuwa zare ɗaya ya ɗinke su, watau gunkin nan da zuriyar Cloudsley.

Kafin wani malami ya ɗaga gira don ya ji an ambaci gunki, bari mu kwantar masa da hankali. Abin ba na bauta ba ne. Na'ura ce ta wata tsohuwar al'umma ta tatsuniya, wadda ke ɗauke abu daga wuri ta zuba shi a wani wuri, ko zafi, ko shekarun rayuwar mutum. Wanda ya girma da karatun aku mai ba da labari a Magana Jari Ce ba zai firgita da wannan ba.

To, ran 12 ga Nuwamba 2024 sai ga kashi na biyu, The Rise of the Golden Idol. An tsallake kusan ƙarni biyu, an diro shekarun 1970, zamanin talabijin da manyan motoci da wando mai faɗin ƙafa. Al'amura 20 ne a cikinsa. Gunkin ya farfashe, an tattaro gutsattsarinsa, ya faɗa hannun wani babban kamfani mai suna OPIG, wanda masanansa suka gano yana iya kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum ya zuba wa wani. Mu biyar muka yi shi a kan kwamfuta ɗaya, ta aro ma, cikin mako uku, in an ɗauke wuta mu ci gaba da gardama a duhu da takarda da biro har baturi ya dawo hayyacinsa. A nan ne kawunanmu suka rabu da na 'yan'uwanmu.

Babban ƙorafinsu shi ne wai an yaudare su. Sun ce sun zo neman mai kisa, sai aka ba su ma'aikatan ofis. A na farko, in ji su, duk inda ka buɗe gawa ce, da guba ko wuƙa ko bindiga, da mugu guda ɗaya wanda kake bin sawunsa tun yana neman gado har ya kafa jam'iyyar da ke hukunta talakawa ta hanyar zaftare musu shekarun rayuwa. A na biyu kuwa sai ka buɗe wani babi ka tarar babu ma wanda ya mutu. Ga rikicin gwanjo, ga tserewa daga kurkuku, ga gobara a silimar da ake kallo daga cikin mota, ga hayaniya a bayan fagen gasar talabijin, ga kokawa a taron daraktoci. Wani ɗan'uwanmu mai karatun lauya, wanda ya fi kowa zafi a kan wannan, ya ce mana, "Ku dai ku faɗi gaskiya. Ni na sayi labarin kisan kai, an kawo mini minit ɗin taro."

Mun fahimci ƙishirwar da ke bayan wannan magana, kuma ba mu raina ta ba. Mun tashi a ƙasar da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa a Ikeja ran 19 ga Oktoba 1986, aka harbe Ministan Shari'a Bola Ige a ɗakinsa a Ibadan ran 23 ga Disamba 2001, kuma babu kotun da ta tabbatar da laifin kisan ko ɗaya daga cikinsu a kan wani mahaluki. Wanda ya girma a haka, in ya samu wasan da zai cika guraben takarda ya ga suna ɗaya ya fito, takarda ta ce daidai ne, lalle zai ji wani sanyi a ransa. Mu ma mun ji shi. Ba mu ce na farko ba shi da daɗi ba, don mu ne muka fara kawo shi gidan.

Amma fa, ya ɗan'uwa lauya, ka bari mu tambaye ka. Wace irin mutuwa ce ta fi yawa a ƙasar da za ka yi aikin lauya a cikinta? Wadda aka yi da wuƙa a ɗakin cin abinci, ko wadda aka yi da sa hannu a kan takarda? Sashe na 221 na kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ka haddace don jarrabawa, yana neman mutum guda mai niyya da aiki. Kashi na biyu na wasan nan ya ɗauko tambayar da ta fi wannan wuya. Yaya za a yi in hannun da ya yi kisan ya rarrabu gida goma, wannan ya rubuta kasafin kuɗi, wancan ya amince da gwaji, wani ya kawo mutanen da za a gwada a kansu, wani ya kwashe gawa da dare, wani kuma ya tsaya gaban 'yan jarida ya ba da bayanin da zai kwantar da hankalin jama'a? Kowannensu in ka tare shi zai ce shi umurni ya bi, ko ya ce shi ba sashensa ba ne. A cikin wasan gawawwaki na ta bayyana da jajayen idanu, gari ya ɗauka la'ana ce ta sauka, hukuma na faɗin nata, alhali amsar tana cikin fayil ɗin wani ofis. Babin da kuka ce babu gawa a cikinsa, a nan ake ƙulla mutuwar da za ku tarar babi uku a gaba. Hassadar da aka yi kan muƙami, da wanda aka ɗora a kujerar da ta fi ƙarfinsa, da mai ilimin da ya ga ɓarna ya yi shiru don kada a yanke wa sashensa kuɗi, su ne gubar wannan labari, su ne wuƙarsa.

Kuma kada wani ya ce mana wannan tatsuniyar Turawa ce. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani sananne. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran, kuma ya ce ya bi ƙa'ida. Duniya ba ta san labarin sosai ba sai a ƙarshen shekarar 2000, da jaridar Washington Post ta Amurka ta tono shi. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. To, ɗauki takardar nan mai gurabe ka cika mana. Wane ne ya ba da izni? Wane ne ya sa hannu, kuma yaushe? Wa ya fassara wa uwar da ba ta jin Turanci abin da za a yi wa ɗanta? Za ka ga gurbi ɗaya bai isa ba, kuma dabarar da ka koya a ɗakin cin abincin Cloudsley ba za ta kai ka ko'ina ba. Sai ka iya karatun wasiƙu da kwanan wata, ka gane wanda ya san abu kafin ya ce ya sani. Wannan shi ne karatun da kashi na biyu ke tilasta maka, musamman a ƙarshen kowane babi, inda ake ba ka wata babbar takarda a ce ka haɗa al'amura huɗu ko biyar da ka warware daban-daban ka faɗi abin da ya haɗa su.

Muna dagewa a kan wannan ne saboda mun san masu karanta mujallar nan. Harabar Kongo da muke karatu a cikinta ta fara ne a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna, ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki a 1954, kafin a haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Tun zamanin kakanninmu aikin wurin nan shi ne fitar da masu riƙe fayil. Yayyenmu da suka gama bara da bariya suna sakatariya a Kaduna da Abuja, mu ma can muka dosa in Allah ya kai mu. Da wuya waninmu ya taɓa tsayawa kan gawa da gilashin bincike a hannu. Amma kusan kowannenmu wata rana za a turo masa fayil a ce ya sa hannu ya wuce da shi, na kwangilar rijiyar da ba a haƙa ba, ko na maganin da ranarsa ta wuce, ko na gadar da aka rage wa ƙarfe. Ran nan mutum zai tuna ba mugu mai baƙar riga kaɗai ke kisa ba. Wasan da ya zaunar da kai awa ashirin kana kallon yadda mutanen kirki masu taye suke ba da gudummawarsu kaɗan-kaɗan ga ta'asa, wannan wasa ya san da wa yake magana, ko da masu tsara shi ba su taɓa jin sunan Zariya ba.

Sai maganar zane. Sun ce hotunan na farko, masu kama da na tsofaffin kwamfutoci, da fuskoki munana masu ban dariya, sun fi armashi, na biyu kuwa an yi musu fenti har sun rasa gishiri. Wannan son rai ne, ba mu da ta cewa. Munin fuskokin dai yana nan, sai ma ƙaruwa da ya yi. Wanda ya fi son tuwon jiya ba a hana shi ɗumame.

Inda muka yarda da su, mun yarda, kuma ba da rabin baki ba. A na farko kowace kalma sai ka sa hannu ka ɗauke ta da kanka. In suna yana ƙasan wasiƙa ba ka lura ba, ya wuce ka, sai ka komo nema. Wannan wahala ita ce ke sa mutum ya karanta kowane layi. A na biyu da ka buɗe takarda sai kalmomin su zubo cikin jakarka da kansu, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Mun ga illar wannan da idonmu. Ɗaya daga cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba don yana bin mu bashin kuɗin kati, sai ya bi hoto ya danna ko'ina cikin minti biyu, ya tara kalmomi, ya koma takarda yana jefa sunaye. Wasan kuma yana da wata alama da ke gaya maka in kurakuranka ba su wuce biyu ba. Da ya ga alamar nan sai ya shiga canza suna ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Ya ce ya warware. Muka tambaye shi dalilin kisan, ya yi tsuru-tsuru. Wannan alama tana cikin na farko ma, amma a can kafin ka kai gare ta ka riga ka sha karatu. A na biyu an haɗa wa malalaci sauƙi biyu. Lucas Pope, wanda ya yi Return of the Obra Dinn a 2018, wasan da kowa ya san shi ne ya share wa irin waɗannan hanya, ya fi su tsauri a nan: mutum 60 ne a jirgin ruwansa, kuma ba ya tabbatar maka da komai sai ka gano makomar mutum uku daidai a lokaci ɗaya. Da 'yan Latbiyan nan sun yi koyi da shi a wannan, da ba a bar wa mai caca ƙofa ba. Irin ɗalibin da ke cika gurbi da sa'a mun san shi a ɗakin jarrabawa, ba mu so mu tarar da shi a wasa ma.

Haka kuma tagogin da suka ƙirƙiro, waɗanda kake buɗewa kana jan su a kan hoto, a ƙaramin allo sai su rufe maka abin da kake son dubawa. Mun sha tsaki a kan wannan.

Amma ƙorafin da ya fi cancanta a yi, ba mu ji ko ɗaya daga cikin masu kushen ya yi shi ba. Yawancin ɗalibai a nan ba su da kwamfuta, waya ce abin hannunsu. Wasannin biyu a kan waya ta hanyar Netflix suka zo, sai mai biyan kuɗin wata. Waɗansu abokanmu sun haɗa kuɗi sun yi rajista don wannan kaɗai. Sai a watan Yuli na 2025 Netflix ya cire wasanni kimanin 20 daga jerinsa, har da waɗannan biyun. Wanda ya kai babi na huɗu ya wayi gari babu wasa, babu inda ya tsaya. Kakanninmu da suka sayi Ruwan Bagaja suka ajiye a akwati, jikokinsu sun tarar da shi. Mu kuwa muna biyan kuɗi a kan abin da ba namu ba, mai shi ya karɓe ran da ya ga dama. Wannan ya isa a yi fushi a kansa. Maimakon haka sai 'yan'uwanmu suka ɓata bakinsu kan yawan gawawwaki.

Akwai kuma abin da ke ci mana rai duk dare in mun rufe kwamfuta. Wasan nan gaba ɗayansa wasan harshe ne. Suna, aiki, wuri, dalili, ka jera su su ba da jimla. Ƙanenmu da ke sakandare ya zauna tare da mu wani dare, ya riga mu gano wani abu a hoto, amma da aka zo cika takarda sai Turanci ya kayar da shi. Ya san amsa, ba shi da kalmar. Muka yi ta tunani, a unguwar nan fa muke zaune, Tudun Wada, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda Abubakar Imam ya yi aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, inda aka buga littattafan da suka koya wa Arewa karatun boko da harshenta. Mutum biyu ne kawai suka fara wancan wasa a ƙasar da yawan jama'arta bai kai miliyan biyu ba. Ba ya bukatar manyan na'urori, hotuna ne a tsaye da rubutu. A Samaru akwai sashen zane-zane da duniya ta san shi, akwai masu karatun kwamfuta, akwai masu nazarin Hausa, a Kongo akwai lauyoyi. Ga gidan gandu mai ƙofa ɗaya da mutum talatin, ga rabon gado, ga fatake a zango, ga ofishin En'e da littafin haraji. Hausa ma tana da nata tarkon da Turanci ba shi da shi: kalma ɗaya, ya ko ta, ta isa ta tona ko mai laifi namiji ne ko mace, sai mai tsara wasa ya san yadda zai ɓoye. Duk wannan yana gabanmu, mu kuwa muna teburin shayi muna gardamar ko fentin Latbiya ya fi na bara kyau.

Saboda haka, ya ɗan'uwa lauya da jama'arka, ga abin da muke nema. Kun ce kun tsaya a babi na biyu don gajiya. Wanda bai kai ƙarshen fayil ba, ba shi da bakin yanke hukunci, ku kuka koya mana wannan. Mun sake aro kwamfutar, mun goge inda muka tsaya. Ranar Asabar bayan sallar isha'i muna zaure. Sharaɗinmu ɗaya ne, duk wanda zai sa suna a gurbi sai ya fara faɗa wa jama'a takardar da ya dogara da ita. Ku zo da biro, shayi namu ne. In kun gama babi na biyar kuna nan a kan bakanku, edita ya yi mana alkawarin zai ba ku wannan shafin a fitowa ta gaba.